Otawa na sanar da biliyoyi, bas kuma bai ƙaru ba: wa za a tuhuma?

Abu Maryam ya rubuta:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa mazauna Kanada da masu bibiyar al'amuranta. Akwai wata tambaya da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, kuma tun da na samu takardar zama ɗan ƙasa, wadda ta ba ni damar jefa ƙuri'a a zaɓen tarayya da na lardi da na birni, sai na ga bai dace in shiga rumfar zaɓe ba alhali ban san amsarta ba.

A watan Yulin 2024 gwamnatin Justin Trudeau ta ƙaddamar da wani asusu na sufurin jama'a wanda aka ce zai riƙa fitar da kimanin dalar Kanada biliyan 3 a kowace shekara daga 2026 har tsawon shekara goma. Kafin nan, a 2021, ta yi alkawarin sama da dala biliyan 10 domin layukan jirgin ƙasa guda huɗu a Toronto da kewayenta. Duk da haka, hukumomin sufuri na manyan birane, daga Montreal zuwa Vancouver har da ita kanta Otawa, babban birnin ƙasar, babu wadda ba ta kukan giɓi a kasafin kuɗinta, wasu suna maganar ƙara kuɗin tikiti, wasu suna barazanar rage zirga-zirga. Ni kuma a unguwar da nake, a gefen wani birni na lardin Ontariyo, bas ɗin da nake hawa zuwa wurin aiki sau biyu yake wucewa a awa guda, kamar yadda na same shi ranar da na tare, kuma duk wanda ya taɓa tsayuwa a tasha a watan Janairu ya san tsawon rabin awa.

Abin da nake son masu sani su warware mini shi ne: ina waɗannan kuɗaɗe suke shiga, tunda ba a ganinsu a kan titi? Sannan idan na kira ofishin kansilan unguwarmu ya ce laifin lardi ne, ɗan majalisar lardi ya ce tarayya ce ba ta ba da kasonta ba, ɗan majalisar tarayya kuma ya ce sufurin cikin gari ba huruminsa ba ne, wanne daga cikinsu yake faɗar gaskiya? Kuma shin ya kamata gwamnatin tarayya ta shiga biyan kuɗin tafiyar da bas da jirgi, ko kuwa hakan zai zama ɓarnar harajin jama'a ne kawai? Ba ni da jam'iyya tukuna, don haka kowa ya faɗi ra'ayinsa ba tare da jin nauyina ba.

Hajiya Bilki ta rubuta:

Wa alaikumus salam, Abu Maryam, barka da samun takarda, Allah ya sanya alheri. Amsar kashin farko na tambayarka tana cikin bambancin da ke tsakanin kuɗi iri biyu, waɗanda 'yan siyasa ba su cika son rarrabewa ba idan suna gaban 'yan jarida. Akwai kuɗin gini da sayen kaya, wato haƙa rami, shimfiɗa dogo, gina tasha, sayo taragai da sababbin motoci. Akwai kuma kuɗin gudanarwa na yau da kullum, wato albashin direba da makaniki, man dizal, wutar lantarki, shara da tsaro. Kusan duk abin da tarayya take bayarwa na nau'in farko ne. Asusun dala biliyan 3 da ka ambata ba a ware shi don biyan albashin direba ba, haka ma asusun harajin man fetur da gwamnatin Paul Martin ta kafa a 2005, wanda aka sauya wa suna a 2021, yake kuma raba wa birane da ƙananan garuruwa sama da dala biliyan 2 a shekara. Saboda haka birni zai iya wayar gari da sabon bas mai aiki da lantarki a gareji, amma ya rasa kuɗin ɗaukar wanda zai tuƙa shi, tamkar dai a yi wa talaka kyautar doki a bar shi da neman harawa. A lokacin annobar korona ne tarayya ta sassauta wannan ƙa'ida, ta ba da tallafin gudanarwa a 2020, ta ƙara dala miliyan 750 a farkon 2022, kuma tun a lokacin ta bayyana cewa na wucin gadi ne.

Game da waɗanda suke jefa maka alhaki daga wannan hannu zuwa wancan, kowannensu ya faɗi rabin gaskiya. Kundin tsarin mulki na 1867 ya raba iko tsakanin tarayya da larduna ne kawai, birane kuwa ya sanya su a ƙarƙashin larduna a sashe na 92, ta yadda duk ikon da magajin gari yake da shi aro ne daga majalisar lardi, kuma mai aro ba ya musu idan mai abu ya zo karɓa. A 2018, ana tsakiyar yaƙin neman zaɓen birni, gwamnatin lardin Ontariyo ta Doug Ford ta rage mazaɓun Toronto daga 47 zuwa 25, aka yi ta shari'a har Kotun Ƙoli, wadda ta yanke a 2021, da rinjayen alƙalai biyar a kan huɗu, cewa lardi yana da ikon yin haka. A Kebek doka ta hana birni ƙulla yarjejeniyar kuɗi da gwamnatin tarayya da ke Otawa sai da izinin lardi, Alberta ma ta kafa makamanciyar wannan doka a 2024. Ke nan a irin waɗannan larduna, ko da tarayya ta yi niyyar miƙa wa birni kuɗi kai tsaye, sai ta bi ta ƙofar firimiya, wato shugaban gwamnatin lardi.

Abu na uku shi ne aljihun birnin kansa. Ƙungiyar biranen Kanada ta daɗe tana cewa birane ne suke riƙe da kimanin kashi 60 cikin 100 na muhimman kayayyakin more rayuwa na ƙasar, alhali abin da yake shiga hannunsu daga kowace dala ta haraji bai wuce santi takwas zuwa goma ba. Tarayya da lardi suna karɓar harajin albashi da na saye da sayarwa, waɗanda suke ƙaruwa da kansu idan tattalin arziki ya haɓaka, kuma suna iya cin bashi su cike giɓi. Birni a Ontariyo doka ba ta ba shi damar zartar da kasafin gudanarwa mai giɓi ba, kuma babban abin da yake dogaro da shi harajin gidaje da filaye ne, sai kuɗin tikiti. Kafin korona, kusan kashi biyu cikin uku na kuɗin tafiyar da TTC, hukumar sufurin Toronto, daga aljihun fasinja yake fitowa, abin da ba kasafai ake samu a manyan biranen Arewacin Amurka ba. Da mutane suka koma yin aiki daga gida, sai ginshiƙin ya girgiza.

Ba haka abin yake ba tun asali. A zamanin firimiya Bill Davis, a shekarun 1970, lardin Ontariyo yana biyan kashi uku cikin huɗu na kuɗin gini, yana kuma ɗaukar kaso mai tsoka na giɓin gudanarwa, kuma a wannan zamanin ne ake zuwa Toronto daga wasu ƙasashe don koyon yadda ake tafiyar da sufuri. Gwamnatin Mike Harris da ta hau a 1995 ita ce ta janye wannan tallafi ta bar wa birane nauyin. Idan ka tambaye ni wanda za ka fara riƙewa, zan ce ɗan majalisar lardi. Amma ina ganin tarayya ma ba ta kuɓuta ba, domin ita ce take yanke yawan baƙin da za su shigo ƙasar a kowace shekara, mafi yawansu kuma a manyan birane suke sauka, bas ne abin hawansu na farko, harajin albashinsu kuwa Otawa ce take karɓar kaso mafi girma.

Injiniya Ɗanjuma ya rubuta:

Hajiya, bayaninki a kan tsarin mulki babu ƙura a cikinsa, sai dai ina neman afuwa in saɓa miki a kan magani. Ni abin da ya fi damuna ba ƙarancin kuɗi ba ne, yadda ake kashe wanda aka samu ne, kuma ba na jin ya dace a buɗe wa hukumomi sabon famfo alhali randar tana yoyo.

A duba layin jirgin Otawa da aka buɗe a watan Satumbar 2019. Tsawonsa kilomita 12.5 ne, tashoshinsa 13, kuɗinsa dala biliyan 2.1. A 2021 jirgin ya sauka daga kan dogo har sau biyu cikin 'yan makonni, na biyun ya sa aka rufe layin kwana 54. Lardi ya kafa kwamitin bincike a ƙarƙashin Mai Shari'a William Hourigan, wanda ya fitar da rahotonsa a watan Nuwambar 2022 da shawarwari 103. Rahoton ya nuna cewa an kafe a kan adadin kuɗin ne tun kafin a kammala zanen aikin, saboda ya riga ya zama alkawarin siyasa, an sassauta ma'aunin gwajin ƙarshe don jirgin ya samu ya tsallake, kuma manyan jami'an birnin sun ɓoye wa 'yan majalisar birni abin da gwajin ya nuna. An ba da aikin ne ta tsarin haɗin gwiwar gwamnati da 'yan kasuwa, wanda aka tallata da cewa zai ɗauke wa mai biyan haraji haɗari ya ɗora wa 'yan kwangila, sai aka wayi gari an yi gudun gara an faɗa gidan zago, domin da rikici ya tashi lauyoyi ne suka cika fage, fasinja yana tsaye a tasha. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan matsaloli da ƙarin kuɗin tarayya zai hana aukuwarsa.

Toronto kuwa labarinta ya fi ban takaici, saboda can siyasa ce take zana taswira. An fara haƙa ramin jirgi a titin Eglinton a 1994, gwamnatin Harris ta soke shi a 1995 aka mayar da ƙasa aka cike ramin. A 2007 magajin gari David Miller ya fito da shirin layukan ƙananan jirage masu ratsa unguwannin gefen birni, Rob Ford ya hau a ƙarshen 2010 ya ce ya soke shi tun ranar farko. An koma Eglinton a 2011 da layi mai kilomita 19 da alkawarin buɗewa a 2020, amma shekarar 2024 ta ƙare fasinja ko ɗaya bai hau ba. A Scarborough, yankin gabashin Toronto, an shafe fiye da shekara goma ana jayayya a kan ko ƙaramin jirgi za a yi ko na ƙarƙashin ƙasa, tasha ɗaya ko tasha uku, har tsohon layin da ake son maye gurbinsa ya sauka daga dogo a watan Yulin 2023 aka rufe shi baki ɗaya, mutanen yankin suka koma bas. Layin Ontariyo, wani sabon layin jirgi a cikin Toronto da Doug Ford ya sanar a 2019, an ƙiyasta shi a kan dala biliyan 10.9, yanzu kuwa adadin da ake ambata ya zarce wannan nesa ba kusa ba. Kowace dala da ta nutse a irin wannan jinkiri dala ce da ba za ta sayi komai ba, kuma kowane sabon layi yana zuwa da nasa kuɗin gudanarwa wanda zai hau kan kasafin da tun farko bai wadatar ba.

Ba wai ba a iya yin aiki mai kyau a ƙasar nan ba ne. Layin da ya haɗa tsakiyar Vancouver da filin jirgin sama da Richmond an buɗe shi a watan Agustan 2009, kafin wa'adinsa, a kan kimanin dala biliyan 2, ko da yake an tsuke tashoshinsa don a rage kuɗi, abin da ake ƙorafi a kai yanzu da fasinjoji suka yi yawa. Kuma a 2017 Toronto ta taƙaita wucewar ƙananan motoci a wani ɓangare na titin King, ta ba jirgin kan titi fifiko, da ɗan fenti da alluna da kuɗin da ba su taka kara sun karya ba, tafiya ta yi sauri, fasinjoji suka ƙaru, har aka mayar da tsarin na dindindin a 2019. Irin wannan aiki babu wanda yake rububinsa, don ba a yanka kirtani a kansa.

Tsoron da nake ji shi ne, idan tarayya ta shiga biyan albashin direbobi, abin da Abu Maryam yake kuka da shi zai ƙaru ne. Yanzu aƙalla ka san cewa majalisar birni ce take yanke yawan bas ɗin da zai bi ta unguwarku. Ranar da gwamnatoci uku suka haɗu a kan kasafi guda, kowace za ta samu wadda za ta nuna wa yatsa, kuma shugaban hukumar sufuri zai fi mayar da hankali ga zarya zuwa Otawa a kan gyara jadawalinsa.

Maman Sadik ta rubuta:

Sallama ga kowa. Ni daga lardin British Columbia nake rubutu, kuma ina son in ƙara mutum na huɗu a cikin waɗanda ake tuhuma, wato mu masu jefa ƙuri'a. A 2015 an tambayi mazauna Vancouver da garuruwan kewayenta ko sun yarda a ƙara rabin kashi ɗaya cikin 100 a kan harajin saye da sayarwa don faɗaɗa sufuri, kuma kusan kashi 62 cikin 100 suka ce a'a. Bayan shekara biyu gwamnatin lardinmu, ta jam'iyyar NDP ƙarƙashin John Horgan, ta cire kuɗin hayewa da ake karɓa a gadojin Port Mann da Golden Ears, saboda ta yi alkawarin haka a yaƙin neman zaɓe. A wannan shekarar ta 2017 ce kuma firimiyar Ontariyo Kathleen Wynne, ta jam'iyyar Liberal, ta hana magajin garin Toronto John Tory sanya kuɗin bin manyan hanyoyin Gardiner da Don Valley, bayan majalisar birnin ta amince, domin masu shigowa da mota daga garuruwan kewaye su ne ƙuri'un da take tsoron rasawa. Doug Ford kuma, mai ra'ayin riƙau, ya soke kuɗin sabunta lambar mota a 2022 ya rage harajin man fetur. Jam'iyyu uku ke nan masu aƙidu mabambanta, amma da aka zo kan mai mota duk hanya ɗaya suka bi, kuma ruwa ba ya tsami banza: sun san abin da muke saka wa da ƙuri'a da abin da muke hukuntawa.

A nan wajenmu matsalar tana da wata fuska. TransLink, hukumar sufurin yankin Vancouver, tana samun santi 18.5 daga kowace litar man fetur da aka sayar a yankin, ga shi kuma gwamnatoci suna ƙarfafa wa mutane gwiwa su sayi motoci masu lantarki, don haka wannan kafa tana ƙafewa a hankali. A 2024 hukumar ta yi gargaɗin giɓin kimanin dala miliyan 600 a shekara daga 2026 idan ba a samo wata hanya ba. Wannan ba sakaci ne na wani ɗan kwangila ba, Injiniya, tsarin samun kuɗin ne ya tsufa.

Amma na yarda da kai cewa bai kamata a ba da kuɗi haka siddan ba. Abin da nake gani shi ne tarayya ta biya bisa sharaɗi: ta ba da dala a kan kowace awar zirga-zirga da aka ƙara, lardi ya ajiye kwatankwacinta, kuma idan birni ya rage nasa kason don ya sauƙaƙa harajin gidaje, to a janye. An riga an fara ɗaura kuɗin sufuri da batun gidaje, kuma a nan ne kaɗai na ga Liberal da Pierre Poilievre na jam'iyyar masu ra'ayin riƙau sun kusa haɗuwa, tunda kowane ɓangare yana cewa birnin da yake son kuɗin jirgi sai ya bari a gina gidaje masu yawa kusa da tashoshi. Lardinmu ya kafa doka a 2023 da ta tilasta wa birane amincewa da dogayen benaye a kewayen tashoshin SkyTrain, jirgin yankin Vancouver. Wanda ya ga yadda kewayen tashoshin Metrotown da Brentwood suka cika da benaye zai gane dalili, don jirgin da mutane suke zaune a bakin tasharsa shi ne yake cika, wanda yake cika kuma shi ne giɓinsa yake raguwa.

Malam Isiyaku ya rubuta:

Ina gaishe ku duka. Na karanta bayanan nan a natse, sai na lura kowa yana magana ne kamar Kanada birane huɗu ce. Ni a wani ƙaramin gari nake a Alberta, inda babu bas na cikin gari ko ɗaya, kuma ina biyan harajin tarayya daidai da kowa. Saskatchewan ta rufe kamfanin bas ɗinta na lardi a 2017, Greyhound ta janye daga yammacin ƙasar a 2018, sannan ta daina zirga-zirga tsakanin garuruwan Kanada baki ɗaya a 2021. Tsoho ko ɗalibin da ba shi da mota a irin waɗannan garuruwa, idan zai ga likita a birni sai ya nemi alfarmar maƙwabci. To da wane baki za a ce masa harajinsa zai tafi biyan direba a Toronto, birnin da adadin harajin da yake ɗora wa gidajen zama ya gaza na garuruwan da suke kewaye da shi? Wanda yake neman taimakon dangi ya kamata a ga ya fara taɓa nasa rumbun.

Kuma abin da Injiniya ya faɗa mun gan shi a Calgary. Layin da ake kira Green Line an fara maganarsa ne da tsawon kilomita 46, gwamnatin tarayya ta Stephen Harper ta yi masa alkawarin dala biliyan 1.5 a 2015, aka yi ta datse shi kuɗin yana hawa, har a 2024 aka dawo kan kimanin kilomita 10 a kan fiye da dala biliyan 6. Gwamnatin lardin Alberta ta Danielle Smith ta janye kasonta a watan Satumba, daga baya aka sake zama aka sauya hanya. Ban ce kada a taimaki birane ba, amma duk tsarin da za a yi, a sa jigila tsakanin ƙananan garuruwa a ciki.

Hajiya Bilki ta sake rubutawa:

Malam Isiyaku, maganarka a kan harajin gidaje a Toronto gaskiya ce, kuma magadan gari da dama sun ci zaɓe ne da alkawarin ba za su bari ya wuce hauhawar farashi ba. Olivia Chow ce, da ta zama magajiyar garin, ta karya wannan al'ada da ƙarin kashi 9.5 cikin 100 a kasafin 2024, bayan ta cimma yarjejeniya da Doug Ford a ƙarshen 2023 cewa lardi zai karɓi nauyin Gardiner da Don Valley. Batun jigila tsakanin garuruwa kuwa ina tare da kai ɗari bisa ɗari, ina ma ganin a nan ne hujjar shigar tarayya ta fi ƙarfi, tunda wasu hanyoyin suna ƙetare iyakokin larduna. Gwamnatin da ta iya ware dala biliyan 3.9 a watan Fabrairun 2025 don zane da shirye-shiryen jirgi mai gudun gaske tsakanin Toronto da birnin Kebek, ba a kai ga shimfiɗa dogo ba ma, ba za ta ce bas tsakanin Regina da Saskatoon ya fi ƙarfinta ba.

Injiniya, misalanka ba su da musu, sai dai ina roƙon ka sake duba su. Dukansu ayyukan gini ne, wato ainihin ɓangaren da tarayya take zuba wa kuɗi a yanzu. Layin Eglinton da layin Ontariyo ma ba birni ne ya ɗauki aikin gina su ba, Metrolinx ce, hukumar lardi. Idan ɓarnar a wajen haƙa rami take, bai kamata a hukunta mai jiran bas da ita ba. Ni ina ganin tsarin da ake bi yanzu shi ne yake haifar da abin da kake kuka da shi, domin idan magajin gari ya san cewa tarayya za ta iya ɗaukar har kashi 40 cikin 100 na kuɗin sabon layi, lardi ya ɗauki wani kason, amma babu wanda zai ba shi ko santi don ƙara bas goma a kan hanyar da ta riga ta cika, to lissafi zai tura shi ga rami ko da bas ne unguwar take buƙata. Batun nuna yatsa kuwa, kiwon lafiya ma larduna ne suke tafiyar da shi tarayya tana ba da kaso bisa sharuɗɗa, kuma duk da jayayyar da ake yi kowace shekara babu wanda yake ruɗewa game da wanda zai tambaya idan asibiti ya cika.

Abu Maryam ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na fahimci cewa yawan zuwan bas ɗinmu majalisar birni ce take yanke shi a cikin kasafinta, lardi ne yake yanke irin harajin da birnin zai iya karɓa, tarayya kuma gini take biya. A kan ko ta shiga gudanarwa, hankalina ya fi karkata ga sharaɗin da Maman Sadik ta kawo, ko da yake maganar Injiniya a kan gwamnatoci uku da kasafi guda ba ta bar zuciyata ba. Saura tambaya ɗaya: shin mutum irina yana da damar yin magana kafin a zartar da kasafin birni, ko sai dai ya jira ranar zaɓe?

Hajiya Bilki ta amsa:

Kana da dama, kuma wannan ba ta buƙatar takardar zama ɗan ƙasa, don haka ka iya tafiya da maƙwabtanka da ba su samu tasu ba tukuna. A manyan biranen Ontariyo, tun bayan dokar da ta ƙara wa magadan gari iko a 2022, magajin gari ne yake gabatar da kasafi zuwa ranar 1 ga Fabrairu, majalisa ta yi masa gyara. Kafin nan kwamitin kasafi yakan zauna ya saurari mazauna gari, kowa a ba shi 'yan mintuna, ko a zauren ko ta intanet, sai dai ana yin rajista da ofishin magatakardan birni tun da wuri. Idan za ka je, ka tafi da lambar bas ɗin, da lokutan da yake wucewa, da adadin mutanen da kake gani ana bari a tasha da safe, sannan ka nemi a faɗa maka nawa ne kuɗin mayar da shi duk minti goma sha biyar, domin ma'aikatan tsara jadawali suna da wannan lissafin a hannu.